Zanen Shimfiɗar Ƙasa da Fentin Mai: Daga Ɗaurin Yadi Zuwa Shafa Banish

Wani yaro da ke zuwa wurina koyon zane ya taɓa kawo mini aikinsa na farko bayan la'asar, ya riƙo shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Dutsen Dala ya zana da gidajen da ke gindinsa, kuma duk wanda ya gani ya san yaron yana da ido. Sai dai ina taɓa gefe, fentin ya biyo yatsana. Na ce, "Yaushe ka gama shi?" Ya ce, "Malam, yau sati uku ke nan." Na ce, "Da me ka sirka fentin?" Ya ce da man gyaɗa. Da na juya bayan yadin sai na ga mai ya keto ya yi dabbare-dabbare, domin a kan tsuran akoko ya zuba fenti, bai shafa komai a ƙasa ba.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, don ba laifinsa ba ne, babu wanda ya gaya masa. Muna koya wa yara yadda za su zana bishiya ta yi kama da bishiya, mu manta ba mu gaya musu cewa rabin sana'ar nan yana ƙarƙashin abin da ido ke gani ba. Zanen mai gini ne, irin ginin ƙasa na iyayenmu: a ɗora sahun tubali, a bar shi ya sha iska, sannan a ɗora na gaba. Maginin da ya yi gaggawa, damina ce ke tona masa asiri.

Akwai tambayar da iyaye kan yi mini kafin su bar ɗansu ya zauna, wato hukuncin zane. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da ya zo a Bukhari da Muslim sananne ne: wani mutum ya gaya wa Abdullahi ɗan Abbas cewa da yin surori yake ci, sai ya gargaɗe shi, ya kuma ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Duwatsu, gonaki, kogi, gajimare, ganuwa, su ne abin da wannan fanni ya ƙunsa.

Mai, da abin da ake sirka shi da shi

Fentin mai abu biyu ne: garin launi da mai. Amma mai ba ya bushewa irin bushewar ruwa. Ruwa tashi yake ya bi iska. Man zane kuwa shan iska yake, ya haɗu da oksijin, ya daskare ya zama fata mai tauri da ke riƙe garin launin. Ba kowane mai ke da wannan hali ba. Man gyaɗa, manja, man kaɗanya, man zaitun, ko shekara suka yi ba za su yi wannan fatar ba, sai dai su yi danƙo su kwashi ƙura. Wanda ake so shi ne man linsid, da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron filas, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Shi ya fi saurin kamawa, fatarsa ta fi ƙarfi, aibinsa ɗaya shi ne yakan ɗan yi rawaya da tsufa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke kwaɓa farin fenti da wani mai marar duhu kamar na saflawa.

Dabarar tsohuwa ce. An gano zanen mai a kogunan dutse na Bamiyan a Afganistan wanda ya kai wajen ƙarni na 7. A Turai kuwa wani mai zane, Jan van Eyck, shi ne ya fito da ƙarfinta fili. Babban aikinsa da ke birnin Gent a Beljiyam an kammala shi a 1432, kuma har yau koren ciyawar da ke cikinsa yana nan. Kusan shekara ɗari shida ke nan.

Idan za ka saya, nemi tataccen man linsid na masu zane, ruwansa garau kamar zuma farar saƙa. Kada ka ɗauki dafaffen linsid na shagon kayan gini. Wancan an zuba masa sinadaran busarwa don katako, yana yin duhu da wuri.

Abin tsinka fenti kuma shi ne tafentin, wanda ake samu daga ƙaron itacen fayin, ko farin sifirit marar wari. Tina ta masu fentin mota da fetur, ka nisance su, suna cin fenti suna cin ƙirji. Kananzir kana iya wanke buroshi da shi in babu wani, amma kada ya shiga cikin zanen. Ka yi aiki taga a buɗe. Sannan ga wani abu da ba na gajiya da faɗa: tsumman da ya sha man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. Ka shanya shi a buɗe a tsakar gida, ko ka tsoma shi a gwangwanin ruwa.

Katako da yadi

In yanzu kake farawa, kada ka wahalar da kanka da yadi. Sa kafinta ya yanka maka filawud mai santsi, guda goma, kowane santimita 25 da 30. Ka goge da samfefa, ka shafe gaba da baya da gefuna. Bayan ma sai an shafa, in ba haka ba allon zai kantare. Magabatan wannan sana'a ma a kan katako suka daɗe suna yi kafin yadi ya karɓu.

Idan lokacin yadi ya yi, fara da firam. Ka gaya wa kafinta abu uku: katakon ya zama busasshe, kusurwoyin su daidaita, sannan ya fere fuskar katakon ta gangara ciki, yadda yadin zai taɓa bakin waje kaɗai. In bai fere ba, duk inda buroshi ya bi ta kan katakon sai layi ya fito a zanen, kuma ba ya gyaruwa. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya miƙe. Shafa masa maganin gara ka bar shi ya bushe sarai.

Lilin ya fi kowane yadi, sai dai tsada. Auduga mai kauri, mai matsattsiyar saƙa, ta wadatar, kuma in ka yi haƙurin zagayawa a Kantin Kwari za ka samu. Ka tabbata tsantsar auduga ce. Zare zare ɗaya ka kusanta shi da ashana: auduga takan ci ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, mai haɗin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Wanke yadin sitacin ya fita, ka goge shi, ka yanka da rarar santimita 6 a kowane gefe.

Ɗauri daga tsakiya ake fara shi. Buga sitefula ɗaya a tsakiyar gefe ɗaya, ka ja ka buga a tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, sannan sauran biyun haka. Daga nan ka riƙa matsawa waje kaɗan-kaɗan, nan biyu can biyu, kusurwa ce ƙarshe, a naɗe ta kamar yadda tela ke kalmasa. In ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ya amsa kamar ganga, ya yi. Kada ka ja har firam ya lanƙwashe, domin auduga za ta ƙara tsukewa idan ta sha shafe.

Yanzu ga wurin da yaron nan ya faɗi. Mai yana cin zaren auduga, a hankali ya mayar da shi ruɓaɓɓe mai karyewa. Dole a sa shamaki tsakaninsu. Hanyar gargajiya ita ce gam ɗin fatar zomo: awo ɗaya na gam, goma zuwa sha biyu na ruwa, a jiƙa ya kwana, a ɗumama shi cikin wata tukunyar ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, a shafa da ɗuminsa, sannan a bi da farin shafe na mai. Na san darajar wannan hanya, amma ban ba ɗan Kano shawarar ta ba. Gam ɗin fata yana kumbura da laima, yana tsukewa da bushewa, mu kuwa muna tsakanin watan Agusta da komai ke jiƙe da hunturun da ke tsaga leɓe. Wannan kai da komowa shekara bayan shekara shi ke fasa fentin da ke sama. Farin shafen akirilik, wato fentin roba da ake tsinkawa da ruwa, wanda ake kira jeso, ya fi dacewa da mu. Shafa hannu uku: na farko a ɗan tsinke shi da ruwa ya shiga saƙa, na biyu a gicciye, na uku a tsaye, kana bi da samfefa mai laushi tsakaninsu. Ɗaga yadin ka duba ta hasken rana. In kana ganin ƙananan huji kamar na allura, ƙara hannu ɗaya. Ka ba shi kwana biyu ko uku kafin mai ya hau.

Na san da yawa daga cikinmu fentin ruwa na bango muke haɗawa da farin gam na kafintoci. Don gwaji da koyo babu laifi. Aikin da za ka karɓi kuɗin mutum a kansa kuwa, ka saya masa jeso, araha ba ta ado. Ka kuma riƙe wannan: mai yana hawa kan akirilik, akirilik ba ya hawa kan mai, ɓarewa yake.

Abu na ƙarshe, kashe farin. Ɗebi ɗan jan ƙasa ka tsinka da tafentin, ka shafe fuskar duka, ka goge da tsumma har ya zama kamar ruwan shayi marar madara. Farin yadi a ranar Kano yana kashe ido, yana sa duk launin da ka ɗora ya yi maka kamar ya fi duhu. Wannan jan kuma zai riƙa leƙowa ta tsakanin ciyawa da gajimare, ya ɗaure zanen wuri ɗaya.

Launuka

Kafin 1841 mai zane da kansa ko yaransa ko masu sayar da fenti suke niƙa launi, a ɗura a mafitsarar dabba a ɗaure. A shekarar ce wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta bututun kuza mai matsuwa. Wannan ɗan bututu ya taimaka ƙwarai wajen fitar da masu zane daga ɗaki zuwa daji, kamar mutanen ƙauyen Barbizon a Faransa da waɗanda suka biyo bayansu.

Kada ka sayi kwalin launi ashirin da huɗu. Bakwai sun ishe ka, kuma ka duba lambar da ke jikin bututun, ita ce ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki, ba sunan ba. Farin titaniyom, PW6, ka sayi babba don shi ke ƙarewa da wuri. Rawayar ƙasa da ake kira oka, PY43 ko PY42. Ƙonanniyar siyena, wato jan ƙasa, da ƙonanniyar amba mai ruwan makuba, galibi duka biyun PBr7 ne. Shuɗin alturamarin, PB29. Rawaya ɗaya mai haske, da ja ɗaya mai haske, don furen ɗorawa ko bakin gajimare da magariba. Siyena sunan wani gari ne a Italiya da aka san shi da irin wannan ƙasa. Amba tana da sinadarin manganis, shi ya sa takan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, ta dace da shimfiɗar farko. Alturamarin kuwa a da daga dutsen lazurdi na Badakshan a Afganistan ake niƙa shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya, sai a wajen 1828 aka gano yadda ake haɗa shi a masana'anta a Faransa.

Ka lura ban sa kore ba. Da gangan ne. Koren bututu shi ke lalata zanen masu koyo, sai ka ga gonar Kura ta koma kamar kafet ɗin filin ƙwallo. Haɗa naka. Alturamarin da oka suna ba da kore mai ƙura irin na ganyen rani. Alturamarin da rawaya mai haske suna ba da tsanwar shinkafa a watan Agusta. In ya yi tsawa da yawa, taɓa masa siyena ya kwanta.

Farin dalma, PW1, shi ne farin magabata, kuma yana da kyau a hannu, amma guba ne. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba ma bukatar dogon bayani. Kada ya shiga gidan da yara suke. Launukan kadmiyom ma, wato ja da rawaya masu haske da ake haɗawa da ƙarfen kadmiyom, a kiyaye: ba a cin abinci da hannun fenti, ba a lasar bakin buroshi, ba a goge busasshen fenti da samfefa a shaƙi ƙurarsa. Farin zinki, PW4, ba shi da wannan haɗari, sai dai fatarsa tana da gautsi, kada ka yi shimfiɗar farko da shi.

Wani zai ce ga shunin baba a marinar Ƙofar Mata, me ya sa za mu sayi shuɗi daga waje? Na gwada, yana kwaɓuwa da mai, launinsa kuma yana da daɗin gani. Amma idan aka tsinka shi ko aka sirka da fari, haske yana koɗar da shi. A rini ya fi ƙarfi.

Ƙasarmu kuwa wata magana ce daban, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Abin da ke cikin bututun oka da siyena tsatsar ƙarfe ce gauraye da yumɓu, irin wadda muke takawa kullum. Nemi jar ƙasa ko rawaya mai ƙarfin launi daga inda ake haƙar rijiya ko ramin marmara. Don Allah kada ka ɗiba daga jikin ganuwa ko Dala. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, abin da ya rage mata bai kai a ƙara yagar ta ba. Daka ƙasar a turmi, ka tankaɗe, ka zuba a bokitin ruwa ka dama sosai. Jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, ka tsiyaye jan ruwan sama a wani bokiti. Bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da laka mai laushi a ƙasa. Zubar da ruwan, ka maimaita wankin sau biyu, ka shanya lakar a faranti a inuwa. In ta bushe ka niƙa ta ta koma kamar kwalli, hancinka a rufe. Idan rawaya ce ka soya rabinta a tsohon kaskon da ba a girki da shi, za ka ga tana juyewa ja a gabanka, domin zafi yana korar ruwan da ke ɗaure a jikin tsatsar. Haka ake samun ƙonanniyar siyena. Sai ka tara garin a kan gilashi mai kauri, ka yi rami a tsakiya, ka ɗiga man linsid kaɗan-kaɗan, ka cuɗa da wuƙar fenti, sannan ka murza da gindin kwalba mai faɗi, kana zagayawa, har ka daina jin ƙaras-ƙaras. Kaurinsa ya zama kamar man shanu a hunturu. Bangon gidan ƙasa da aka zana da ƙasar unguwar, babu bututun da zai ba ka irinsa.

Buroshi

Buroshin gargajiya mai tauri da gashin alade ake yin sa, kuma masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba. Shi ne farin nan mai kaushi wanda bakin kowane gashi ya rabu biyu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, akwai na roba masu tauri da aka yi don fentin mai, ni ma da su nake aiki. Sayi masu faɗin baki uku, babba da matsakaici da ƙarami, ɗaya mai baki kamar harshe, da siriri dogo don rassa. Ƙara wuƙar fenti, da ita ake haɗa launi, ba da buroshi ba. Faifan haɗa launi kuma gilashi ne da takarda mai ruwan toka a ƙarƙashinsa. In ka tashi aiki, goge buroshi da tsumma, kaɗa shi a sifirit, wanke da sabulu har kumfa ta fito fara, ka gyara bakinsa ka kwantar.

Fita fili

Haske ba ya jira. Awa biyu kake da su kafin inuwa ta sauya wuri, don haka ko daga fitowar rana zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa kusan magariba. Tsakar rana tana baje komai. John Constable na Ingila, a 1821 da 1822, ya yi ta zanen gajimare kawai, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗawa a bayan takardar. Claude Monet na Faransa ya zana tarin damman hatsi iri ɗaya sama da sau ashirin tsakanin 1890 da 1891, don kawai haske ya bambanta. Mu ma muna da rumbu da tarin kara a bayan gari, ga saman Goron Dutse, ga bakin Challawa, ga ruwan Tiga. In gonar mutum ce ko ƙofar gidansa, yi sallama ka nemi izini tukuna. Yara za su taru, ka bar su su kalla, daga cikinsu ake samun masu gado.

Yanke taga a jikin kwali ka riƙa dubawa ta ciki har ka sami abin da ya tsaya maka a rai. Kada layin da sama ta haɗu da ƙasa ya raba allon biyu daidai. Ka zaɓa, ko labarin sama kake bayarwa ko na ƙasa. Kanne idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace, saura duhu da haske da tsaka-tsaki. Zana wannan a 'yar takarda da gawayi. In bai yi kyau da launi uku ba, ba zai yi da talatin ba.

Hawa-hawan fenti

Doka ɗaya ce ke riƙe da zanen mai: mai maiƙo a kan marar maiƙo, mai kauri a kan siriri. Hawa na farko a tsinka shi da ɗan tafentin kawai. Na biyu, awo ɗaya na mai da biyu na tafentin. Na uku, ɗaya da ɗaya. Dalili shi ne fenti mai yawan mai yana daɗewa yana motsi kafin ya zauna. In ka ɗora marar mai a kansa, na saman zai bushe ya ƙage alhali na ƙasa bai gama ba, sai ya tsattsage kamar gindin kududdufi a bazara.

Fara da amba tsinkakkiya, ka ja manyan siffofi, ka cike wuraren duhu. Kuskure a nan tsumma ke goge shi. Daga nan sai sama, don ita ke ba kowane abu haskensa. Samaniya ba launi ɗaya ba ce: a bisa kai ta fi shuɗi, tana gangarowa tana yin fari da ɗumi. A damina bayan an ɗauke ruwa, alturamarin da fari da ƙyas na siyena. A hunturu kuwa kusan babu shuɗi: fari ne da oka da ɗan amba, shuɗin kamar gishiri a miya, rana kuma farin faifai ce da ido ke iya kallo.

Sai ka taho daga nesa zuwa kusa. Abin da ke nesa ya fi haske, launinsa ya fi mutuwa, bakinsa ya fi laushi, saboda iskar da ke tsakaninku. Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya, ya yi rubutu a kan wannan tun wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. A Turai nesa shuɗi take komawa, shi ya sa masu kwaikwayon hotunansu suke zana mana duwatsu shuɗaye. A nan, in hazo ya sauka, nesa toka-toka take mai ɗan rawaya. Tsaya a kan Dala a watan Janairu ka dubi Goron Dutse, ka zana abin da idonka ya gani, ba abin da ka gani a kalanda ba. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka taɓa launin samanka a cikin duk abin da ke nesa.

Bishiya kuma kowace da halinta. Kuka jiki ce, a rani ba ganye, fatarta toka ce mai ɗan ja, ba baƙa ba. Giginya tana da kumburi a sama da tsakiyarta. Ɗorawa laima ce mai faɗi da inuwa mai nauyi. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wanda ya zana shi da ganye a tsakiyar gero mai tsayi, manomi zai gane bai fita gona ba. Kada ka ƙirga ganye. Sa dunƙulen duhu, ka ɗora tsaka-tsaki, ka taɓa haske a gefen da rana take, sannan ka huda 'yan tagogi da launin sama, amma ka ɗan rage haskensu kaɗan, in ba haka ba za su yi kamar an liƙa takarda.

Inuwa ba baƙa ba ce. Inuwar bangon ƙasa da la'asar siyena ce da alturamarin da ɗan fari, tana karkata zuwa shunayya, kuma a gindinta akwai ɗumin hasken da ƙasa ta mayar. Ka bar inuwa siririya, haske kuma ka ɗora shi da kauri a ƙarshe, ko da wuƙa, ka taɓa sau ɗaya ka ɗauke hannu. Yawan shafa wuri ɗaya shi ke mayar da launi taɓo.

Akwai dabaru biyu da sai fentin da ke ƙasa ya bushe ake yin su. Ta farko ita ce lulluɓi: launi mai duhu marar kauri, a tsinka da mai ya zama kamar gilashi mai launi, a shafa kan wuri mai haske, sai ya yi zurfi kamar ruwan rijiya. Ta biyu ita ce akasinta, kuma ita ce ta hazo: ɗebi launi mai haske da busasshen buroshi, ka goge mafi yawansa a tsumma, ka bi kan wurin a hankali yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa. Hannu ɗaya na wannan yana tura unguwa guda baya da tafiyar rabin awa.

Bushewa da banish

Abokin gabarmu ƙura ce. Jingina zanen fuskarsa na kallon bango, samansa kaɗai ya taɓa, a ɗaki mai iska da haske. Kada ka shanya shi a rana, kada kuma ka kulle shi a duhu, don linsid yana ƙara rawaya a duhu, ko da yake in ya sha hasken ɗaki yakan washe. Saman yana kamawa cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu, fari da baƙi da kadmiyom su ne 'yan baya. In wani wuri ya dushe bayan ya bushe, ɗiga mai kaɗan a tsumma ka shafa, ka goge kusan duka.

Banish, wato shafe garau da ake rufe zanen da shi a ƙarshe, sai bayan wata shida, mai kauri kuma shekara, domin cikin fentin yana ci gaba da shan iska bayan samansa ya bushe. Amfaninsa shi ne ya ɗauki datti a madadin zanen, in ya tsufa a cire shi a sa sabo. Saboda haka banish ɗin kafinta bai dace ba, in ya hau ba ya sauka sai da fentin. Na gargajiya shi ne damar, ƙaron wasu itatuwa na Indonesiya da Malesiya da ake narkarwa a tafentin. Akwai kuma na zamani da ba sa yin rawaya. Laima tana sa damar ya yi fari-fari, ƙura kuma tana maƙalewa, don haka lokacin da na fi so a Kano shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki ƙura ta kwanta, shimfiɗa zanen a kwance, ka bi da buroshi mai faɗi hannu ɗaya siriri, ka rufe ƙofa ka fita. Wajen ratayewa ka guji bangon da ke tsattsafo da damina, da hayaƙin murhu, da inda ake yawan sa turaren wuta. In dole ka naɗe yadi don tafiya, fentin ya kalli waje.

Yaron nan ya sake zana Dala, wannan karon a kan filawud da ya shafe da hannunsa, da jar ƙasar da muka wanke tare. Na sa ya rubuta a baya ranar da ya gama, da sa'ar da ya tsaya, da launukan da ya haɗa. Yana jingine a ɗakina yana kallon bango, muna jiran ruwa ya ɗauke.